Idan Wanda Aka Buge Ma Yana da Laifi

A hanyar Jega zuwa Maiyama, idan mota ta buge ɗan kabu-kabu da ya labta buhunan albasa har ba ya ganin bayansa, sai a ce ai shi ya jawo wa kansa, a kai shi wurin masu ɗori a Aliero, magana ta mutu. Wannan kuskure ne. A Ingila an daɗe ana hana mai sakaci diyya gaba ɗaya, amma dokar 1945 ta soke hakan, kotunan Najeriya ma rabon laifi suke bi. Alƙali kan auna sakacin kowa, ya rage diyya daidai gwargwado: in asarar naira miliyan ɗaya ce, kashi 30 na laifin kuma nasa ne, zai karɓi naira 700,000.

Wasu za su ce wannan ɗaure wa ganganci gindi ne. Ba haka ba ne, domin ragin da aka yi masa shi ne ladabtarwarsa, alhali direban da ya yi gudun wuce sa'a bai kamata ya tafi salin-alin ba. Malaman fiƙihu ma sun tattauna karon mahaya biyu, Shafi'iyya suka ce rabin diyya za a biya wa kowannensu. Don haka kada a sasanta kafin a san haƙƙin wanda ya karye.