2.3 Digirin Jami'a da Lasisin Injiniyan Jirgin Sama

Kamar yadda aka nuna a sashen da ya gabata, mallakar digirin injiniya kaɗai ba ta bai wa mutum ikon sa hannu cewa jirgi ya cancanci tashi. Wannan iko na mai lasisi ne. Ƙa'idojin Hukumar Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, ba su ma ambaci digiri ba. Abin da suka shar'anta shi ne mutum ya kai shekara 18, ya ci jarrabawa, sannan ya yi shekara 4 yana aiki a jikin jirgi, ko shekara 2 in ya kammala kwas ɗin da hukuma ta amince da shi. A Nijeriya, irin wannan horo ya daɗe a hannun Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, lasisin kuma hukumar NCAA ke bayarwa. Daga baya ne Jami'ar Jihar Kwara da ke Malete da Cibiyar Fasaha ta Sojojin Sama da ke Kaduna suka buɗe digiri a wannan fanni.

To, ke nan mene ne amfanin jami'a? Mai lasisi ya san iyakar da littafin kamfanin ƙera jirgi ya gindaya. Jami'a kuwa dalilin iyakar take koyarwa, wato yadda ƙarfe ke gajiya, da yadda zafi da nauyi ke cin roba. Haɗarin Jidda na ranar 11 ga Yuli, 1991 ya isa misali. Jirgin, ƙirar DC-8 da kamfanin Nigeria Airways ya yi haya daga wani kamfanin Kanada, ya ɗauko alhazai zuwa Sakkwato alhali iskar wasu tayoyinsa ba ta kai ƙa'ida ba. An lura da matsalar, amma gudun jinkiri ya sa aka sallami jirgin. Tayoyi suka fashe wajen tashi, wuta ta kama, aka janye su cikin jirgi da wutar. Mutum 261 suka rasu.

Bai kamata a ce digiri ne kawai zai hana irin wannan ba, domin matsin lambar shugabanni ma ya taka rawa. Sai dai injiniyan da ya fahimci cewa taya mai ƙarancin iska na ɗora nauyinta kan 'yar'uwarta har ita ma ta fashe, ya fi samun hujjar tsayawa kan bakansa idan aka ce masa lokaci ya ƙure.