Yaron da Zai Iya Karanta Zanen Gida

Duk ɗan kasuwar da ya bar gida, ko goro yake sayarwa a Kumasi ko atamfa a Duwala, burinsa ɗaya ne: ya tsayar da gida a garinsu. Sai dai yawancinmu ta waya muke gini. Ka tura kuɗi, a turo maka hoto, ka ce madalla. Siminti nawa ya shiga kankare, rodi nawa ke cikin ginshiƙi, wannan sai Allah sai magini. Na ga gidajen abokai da bango ya tsage tun kafin a tare.

Shi ya sa na kasa kunne da ɗan ƙanena, wanda ke sakandare a Amurka, ya ba ni labarin darasin injiniyancin gini da zanen gidaje da suke yi. Wata ƙungiya ce mai suna Project Lead The Way ta tsara shi. Ta fara aiki a 1997 a jihar New York, yanzu hedkwatarta na Indianapolis. Abin da ya burge ni, ba haddar littafi suke yi ba. Aiki ake damƙa musu, a ce ga fili, ga iyali masu ƙaramin ƙarfi, ku zana musu gida.

To daga nan yara za su raba aiki. Su gwada ƙasar wurin, su ga yashi ne ko laka, don tushen gini ya danganta da ita. Su lissafa inda ruwan sama zai bi. Su zana gidan a kwamfuta da manhajar Revit, su auna nauyin da kowane ginshiƙi zai ɗauka, su fitar da kuɗin kaya. A ƙarshe su tsaya gaban jama'a su kare aikinsu. Idan lissafi bai fita ba, a koma a sake.

Wani zai ce ai wannan Amurka ce, ina ruwanmu? Wallahi da ruwanmu. Mutanen Accra ba su manta da benen kantin da ya rufta a Achimota a Nuwamban 2012 ba, balle ambaliya da gobarar 3 ga Yunin 2015. Mazauna Nima da Mamobi kuwa sun san abin da kwata ke yi idan damina ta kankama. Duk wannan aikin injiniya ne, kuma unguwanninmu ne suka fi bukatarsa.

Ƙofar ma a buɗe take kusa da mu. A Ghana, tun 2017 karatun babbar sakandare kyauta ne, kuma bayan jarrabawar BECE yaro na iya zaɓar sashen fasaha, inda ake koyar da gini da zanen fasaha. Daga nan mai ƙoƙari na iya wucewa jami'ar KNUST a nan Kumasi. A Kamaru kuma makarantun fasaha na da sashen F4 na injiniyancin gini. Matsalar daga gare mu take, muna yi wa makarantar fasaha kallon matattarar waɗanda boko ya ƙi. Alhali yaron da ya gama ta ya san kankare na bukatar ban-ruwa na kwana bakwai, kuma sai ya kwana 28 ake auna ƙarfinsa. Birkila ba zai yi masa wayo ba.

Shawarata ga iyaye: ku lura da yaron nan, mace ko namiji, mai yawan zane a bayan littafi, mai tsayawa kallon magina. Kafin cike takardar zaɓen makaranta, ku je da shi makarantar fasaha, ku tambayi malamai: ɗalibai na aza bulo da hannunsu, ko a allo kawai suke gini? Idan kana da gini a gida, ba shi zanen ya ƙirga maka bulo da kwano a lokacin hutu, ka gwada da lissafin magini. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka.