Zumunci da 'Yan Ubanci a Hikayoyin Mutanen Telugu

Mutanen Telugu, waɗanda ke zaune a jihohin Andhra Pradesh da Telangana a kudancin Indiya, kuma adadinsu ya haura miliyan 80, al'umma ce da ta tsara sha'anin dangantaka a kan girma da ƙanƙanta, har lugarsu ta ware wa kowa sunansa kamar yadda tamu ta yi: wa shi ne anna, ƙane tammudu, ya kuwa akka, ƙanwa chelli. Mutum ba ya kiran sunan wansa gatsal, kuma wannan ladabi ya bi su har cikin hikayoyinsu.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne matsayin ɗan'uwa a wurin 'yar'uwarsa bayan an kai ta ɗakin miji. A waƙoƙin da mata ke yi wajen daka da raino, amarya takan tuna gidan iyayenta, wanda suke kira puttillu, tana duban hanya ko wanta zai zo ya tafi da ita ganin gida, domin shi ne garkuwarta idan zaman gidan surukai ya yi tsanani, shi ne kuma kawun da 'ya'yanta za su dogara da shi ranar suna da ranar aure. Kwana biyu bayan bikin Dipawali namiji yakan je gidan 'yar'uwarsa ya ci abincin da ta dafa da hannunta, ya yi mata kyauta. Daga wannan matsayi na kawu ne kuma auren ɗiyar kawu, wato menarikam, ya samo tushe, al'adar da ba za ta zama baƙuwa ga wanda ya san auren zumunci ba.

Sai dai masu hikaya ba su ɓoye ɗaya fuskar ba, kuma ina ganin wannan adalci ne daga gare su. Ƙissar yaƙin Palnadu, wanda aka gwabza a ƙarni na 12, labarin 'yan uba ne: Nalagama mai mulkin Gurazala da Malideva mai mulkin Macherla, uba ɗaya uwa kowa da tasa, kowanne da wazirinsa, Nagamma a ɓangaren Nalagama, Brahmanaidu a ɓangaren Malideva. Aka yi caca a kan faɗan zakaru, ɓangaren Malideva ya faɗi, aka yanke musu gudun hijira na shekara bakwai, da wa'adi ya cika kuma aka hana su ƙasarsu, sai husuma ta kai ga zubar da jini a filin Karempudi, inda zaratan gida ɗaya suka hallaka juna. Har wa yau jama'a na taruwa a garin kowace shekara, a fito da makaman mazajen, mawaƙa su kwana suna rera ƙissar da ganguna.