Kalmar da ta mayar da shekara 28 ta koma 14

A watan Mayun 2018 Mai Shari'a Adebukola Banjoko ta Babbar Kotun Abuja ta yanke wa tsohon gwamnan Taraba, Jolly Nyame, ɗaurin shekara 14, da 7, da 5, da 2, kan laifuffuka daban-daban. Mai lissafi da yatsu zai ce 28 ke nan. Ba haka ba ne. Kotun ta ce hukunce-hukuncen za su tafi "concurrently", wato duk su fara aiki rana ɗaya, mafi tsawo ya haɗiye sauran. Shekara 14 aka ɗora masa, kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa 12.

Asalin kalmar daga Latin ne: "con", tare, da "currere", gudu. Abubuwa ne da ke gudu kafaɗa da kafaɗa na wani tsawon lokaci. A nan ta sha bamban da 'yar uwarta "simultaneous", wadda ta fi dacewa da abin da ya auku a daidai lokaci guda, kamar ƙwallaye biyu da aka zura a filaye biyu cikin daƙiƙa ɗaya. Kishiyarta a kotu kuwa ita ce "consecutive", ɗaya bayan ɗaya. Da irin wannan tarin ne kotun New York a Amurka ta kai ɗaurin ɗan damfara Bernard Madoff shekara 150 a 2009.

Kalmar tana da wani gidan kuma, wanda lokaci ba shi ne ginshiƙinsa ba. A Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 akwai "Concurrent Legislative List", jerin fannonin da Majalisar Tarayya da majalisun jihohi duk ke da ikon yi wa doka, ilimi na daga ciki. Gudun tare ne, amma ba na tsara da tsara ba: sashe na 4(5) ya ce in dokokin biyu suka yi karo, ta tarayya ce ke tsayawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɗakin labarai. Sau da yawa akan tara shekarun a buga a kanun labari don ya ja ido, mai sauraro kuma ya ɗauka mutumin ba zai sake ganin titi ba. Ran da aka sake shi sai a ce an yi cuwa-cuwa. 'Yan jarida, kafin ku tara shekaru ku karanta ƙarshen hukuncin, sannan ku faɗa wa jama'a adadin da mutum zai zauna a gidan yari.