Kalmar "Go" Da Abokan Tafiyarta

Cikin kalmomin Turanci da yaranmu suke fara koya a makaranta akwai wata 'yar ƙarama mai haruffa biyu kaɗai, wato go. Malam yakan ce ma'anarta "tafi", gaskiya ne kuwa. Amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Da zarar wata ƙaramar kalma ta biyo bayanta, kamar on, ko off, ko over, sai ma'anar ta sāke, wani lokaci har ba sauran zancen tafiya a ciki.

Kada mu yi mamaki, gama mu ma haka muke yi da "ci". Mukan ci tuwo, mu ci kasuwa, mu ci jarrabawa, mu ci bashi, mu ci gaba, mugu kuma yakan ci amana. Baƙon da ya san "ci" na abinci kaɗai zai ruɗe ƙwarai. To, haka go take ga wanda ba a haife shi cikin Turanci ba.

Bari mu fara da masu sauƙi. Go out fita ne, go in shiga, go back komawa, go up hawa, go down sauka. Duk da haka, idan an ce "The fire has gone out," wuta ce ta mutu. "Prices have gone up" kuwa, kaya ne suka yi tsada.

Akwai waɗanda suka shafi lafiyar gida. Idan likita ya ce, "Go on giving him the tablets," nufinsa a ci gaba da ba mara lafiya ƙwayoyin, kada a daina don an ga ya sami sauƙi. Idan aka ce, "The milk has gone off," madarar ba ta je ko'ina ba, lalacewa ta yi, kada a ba jariri. Wannan go off ɗin ita ce ake faɗa in bindiga ta tashi, ko agogo ya yi ƙara da asuba. "She went down with malaria" kuma, zazzaɓin cizon sauro ne ya kwantar da ita.

'Yan makaranta su lura da waɗannan. Go over your work, wato sake duba aikinka kafin ka miƙa. Go ahead, an ba ka izini, sai ka fara. Go through tana da fuska biyu: bin takarda daki daki, ko kuwa shan wahala. Go without shi ne haƙura da rashin abu, yadda iyaye sukan haƙura da sabuwar riga don su biya kuɗin makaranta. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, tana gwada ɗalibai a kan ma'anar irin waɗannan kalmomi, kuma sai da kyakkyawan sakamako a Turanci ake samun shiga jami'a a Nijeriya.

Ga ka'idodi biyu masu taimako. Na fari, go ce take sākewa bisa ga lokaci, ta zama went ko gone, amma ƙaramar kalmar tana nan yadda take: go on, went on, gone on. Na biyu, ba a raba su da abin da ake magana a kansa. Akan ce "go over it", ba a cewa "go it over".

Ƙaƙa za mu koye su a gida? Kada a haddace su a jere kamar lissafi. A sami littafin rubutu, a ɗauki guda biyu kowane mako, a rubuta kowace cikin cikakkiyar jimla tare da Hausarta. Da dare bayan addu'ar iyali, yaro ya karanta aya guda cikin Littafi Mai Tsarki na Turanci, baba ko mama su karanta ta da Hausa, a gwada su. Iyayen da ba su je makaranta ba su ma suna da nasu aiki a nan, gama su ne suka fi sanin Hausar.

Ta ƙarshe ita ce go back on your word, wato saɓa alkawari. Mu koya wa yaranmu ma'anarta sarai, mu kuma roƙi Ubangiji kada a taɓa faɗinta a kan kowa cikin gidajenmu.