Haƙurin Dattawan Abatuwa Da Abin Da Ke Ƙarƙashinsa

Duk wanda ya yi sammako zuwa Abatuwa a Jos, cikin sanyin nan na Filato mai ratsa ƙashi, zai tarar dattawan mahauta sun riga shi, suna zaune suna duban samari na fiɗa. Ƙarfin ka da sa ya ƙare musu, amma da zarar gardama ta tashi a kan bashi ko rabon nama, wurinsu ko wurin Sarkin Pawa ake dosa.

Waɗannan bayin Allah sun ga jiya sun ga yau. A gabansu aka yi rikicin Afrilun 1994 da na Satumban 2001, babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002, wuta ta sake tashi a Nuwamban 2008 da Janairun 2010. Unguwanni suka rabu bisa addini, abokin cinikin shekara da shekaru ya koma jin tsoron ƙetare titi.

To, yaya suke ɗaukar wannan kaya? Da farko dai sun koyi zaɓen faɗa. Maganar da za ta sa saurayi ya tuɓe riga, dattijo sai ya kau da kai ya ce a bari ya huce. Wata masaniya a Jami'ar Stanford ta Amurka, Laura Carstensen, ta nuna cewa idan mutum ya ga kwanansa sun ja, yakan fifita zaman lafiya da na kusa da shi a kan cin gardama. Bayan wannan akwai jam'in salla, da hirar majalisa, da tsohuwar amanar ciniki wadda ba ta tambayar addinin mai saye.

Sai dai fa labarin zuciya a tambayi fuska. Al'ada ta hana namiji babba kuka da kai ƙara, saboda haka abin da baki ya haɗiye yakan fito ta rashin barci da yawan shiru, ya kuma tsananta hawan jini, cutar da kan yi ɓarna ba tare da alama ba.

Don haka, ya mai karatu, kada haƙurin tsohonka ya ruɗe ka. Ka zauna da shi, ka saurare shi, ka riƙa kai shi asibiti awon jini. Wanda ya sha raba faɗan wasu, shi ma yana bukatar mai tambayarsa yadda ya kwana. Allah Ya zaunar da Jos lafiya, amin.