Bishiyar bedi: Inuwa a Katsina, itacen sassaƙa gumaka a Indiya

Duk wanda ya hau hasumiyar Gobarau ya kai dubansa kan birnin Katsina, mafi yawan koren ganyen da zai hango a tsakanin gidaje na bishiya ɗaya ne, wato bedi, wadda Kanawa ke kira darbejiya, wasu kuma dogon yaro.

A gindinta ake zaman majalisa, a nan mai shayi ke kafa teburinsa, kuma ganyenta ake dafa wa mai zazzaɓi. Ta saje da gari har yara na zaton da ita aka kafa birnin.

Sai dai baƙuwa ce. Asalinta daga yankin Indiya take, kuma a shekarar 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno, kafin ta bazu zuwa sauran lardunan Arewa. Gobarau, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15, ta girme ta a nan da fiye da shekaru 400.

A can ƙasarta ta asali kuwa, bedi na da wani matsayi da zai ba mutumin Katsina mamaki. Da itacenta ake sassaƙa gumakan ɗaya daga cikin wuraren ibada mafiya daraja a addinin Hindu.

Neman bishiya

Wurin ibadar yana garin Puri, a gaɓar teku a jihar Odisha da ke gabashin Indiya, kuma an gina shi tun ƙarni na 12. A cikinsa ake ajiye siffar Jagannath, da ta ɗan'uwansa Balabhadra, da ta 'yar'uwarsu Subhadra, sai kuma ta huɗu mai kama da ginshiƙi da ake kira Sudarshan.

A galibin manyan wuraren ibadar Hindu, da dutse ko tagulla ake yin babban gunki. Na Puri na itace ne, itace kuwa yana tsufa. Saboda haka ake sake su bayan shekaru 8, ko 12, ko 19, a shekarar da watan Ashadha na kalandar Hindu ya zo sau biyu. An yi wannan biki, mai suna Nabakalebara, wato sabon jiki, a 1969 da 1977 da 1996, na baya-bayan nan kuma a 2015.

Aikin yakan fara ne watanni kafin a ɗauki gatari. Wani ayari na masu hidimar wurin, waɗanda ake kira Daitapati, kan tashi daga Puri zuwa garin Kakatpur, inda suke zaman addu'o'i har sai, a bisa imaninsu, an nuna wa shugabansu a mafarki inda zai dosa.

Ba kowace bedi ake sara ba. Wadda za a yi Jagannath da ita ana son ɓawonta ya yi duhu, ta kasance da manyan rassa huɗu, babu sheƙar tsuntsu a kanta, kuma ba a taɓa datse ta ba. Ana son a samu suri da maciji a gindinta, da ruwa da wurin ƙona gawa a kusa, sa'annan a ga wasu alamu a jikinta masu kama da dodon koɗi da ƙafar keke.

Idan an dace da ita, sai a fara taɓa ta da ƙaramin gatari na zinariya, a bi da na azurfa, kana a sare ta da na ƙarfe. Ba a ɗora gungumen a mota. A kan amalanke ake ɗaure shi, jama'a su ja da hannu daga ƙauye zuwa ƙauye har cikin Puri.

Sassaƙar kanta a ɓoye ake yi, a wani keɓaɓɓen fili a cikin haikalin, kuma masassaƙan da suka gaji aikin ne kaɗai ke yin ta. Daga nan a lulluɓe itacen da ƙaro da yadi da niƙaƙƙen sandal, hawa-hawa, kafin a shafa launi.

Wanda ya saba ganin gumakan Indiya a fina-finai, masu hannuwa da yawa da siffar ɗan'adam, zai ga na Puri dabam suke: babban kai, manyan idanu zagayayyu, guntayen hannuwa, babu ƙafa. Labarin da mabiya ke bayarwa shi ne, masassaƙin farko ya gindaya sharaɗin kada a buɗe masa ƙofa sai ya gama, amma Sarki Indradyumna ya kasa haƙuri ya buɗe, sai masassaƙin ya ɓace ya bar aikin a haka.

Mataki na ƙarshe shi ne mafi nauyi a wurinsu. Cikin dare akan ɗauke wutar lantarki, wasu dattawa su shiga idanunsu a rufe, hannuwansu a naɗe da ƙyalle, su ciro wani abu da ke cikin ƙirjin tsohon gunki su mayar a sabon. Tsofaffin kuma a binne su, 'yan Daitapati su yi zaman makoki tare da aske kai, tamkar an yi musu rasuwa a gida.

A 2015 an samu jinkiri har aikin ya kai tsakar rana, lamarin da ya jawo ce-ce-ku-ce a duk faɗin jihar, ya kuma kai ga dakatar da wasu daga cikin masu hidimar.

Awo kafin sara

A wajen Puri, sassaƙar gumaka sana'a ce ta neman abinci, musamman a kudancin ƙasar. Garuruwan Arumbavur da Kallakurichi a jihar Tamil Nadu sun yi suna a kai, har hukumomin Indiya suka yi wa aikinsu rajista da sunan garuruwan, na farko a 2020, na biyu a 2021, domin hana masu kwaikwayo cin kasuwa da sunansu.

Masassaƙin Hindu ba ya yin siffa yadda ya ga dama. Akwai tsofaffin littattafai da ake kira Shilpa Shastra, da suka ƙayyade awon kowace gaɓa. Ma'aunin shi ne tala, wato tsawon fuska daga goshi zuwa haɓa, wanda aka raba gida 12, kowane kashi faɗin yatsa. Manyan abubuwan bauta irin su Vishnu da Shiva tala 10 ake ba su, shi kuwa Ganesha mai kan giwa akan yi shi gajere, tala biyar. Abin da kowane hannu zai riƙe, da yanayin tsayuwa, da dabbar da zai hau, duk a rubuce suke.

Akan bar itacen ya bushe sosai, a zana siffar da alli, a fara rage shi da guduma da babban cizal, a riƙa sauya ƙanana har a kai ga yatsu da sarƙar wuya. Daga gungume ɗaya ake fitar da komai, saboda haka kuskure ɗaya a hanci na iya jawo asarar aikin makonni.

Ido ne ake barin ƙarshe. A wurin mabiya, kafin a buɗe idon a kuma yi addu'o'in da ke biye, abin itace ne kawai da za a iya ciniki a kansa. Da dama daga cikinsu kan ce ba itacen suke bauta wa ba, masauki ne na abin da suke bauta wa.

Akwai kuma ladubban shiga daji. Wani littafi na ƙarni na shida, Brihat Samhita na malami Varahamihira, ya umarci masassaƙi da ya je gindin bishiyar da dare da hadaya, ya roƙi ruhohin da ke cikinta su ƙaura kafin ya sara. Bahaushen da ya tashi yana jin ana cewa kada a yi wasa da gindin tsamiya ko kuka saboda mutanen ɓoye ba zai ji wannan baƙon abu ba.

Gizago a ƙasar Hausa

Sassaƙa na cikin tsofaffin sana'o'in Hausawa, kuma kamar a Indiya gadonta ake yi, har da sarautarta. Da gatari da gizago masassaƙi ke fitar da turmi da taɓarya daga ƙirya, kalangu daga alilliba, allo daga aduwa, ga akushi da muciya da ƙotar fartanya da kujerar tsugunno.

Abin da babu a jerin shi ne siffar mai rai. Dalili na fili shi ne Musulunci, wanda malamansa suka hana sassaƙa mutum-mutumi, Katsina kuwa ta daɗe da zama garin malamai. Shehu al-Maghili ya sauka a birnin a ƙarshen ƙarni na 15, kuma masallacin Gobarau ya kasance cibiyar karatu na tsawon ƙarnuka. Garin da ke cike da makarantu allo yake nema daga masassaƙi, shi kuma abin da ya ba shi ke nan.

Ado bai ɓace ba, wuri ya sauya. Ya koma zanen da ake yi da ƙarfe mai zafi a jikin akushi da ƙwarya, da allon zayyana da ake yi wa ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani. Haka abin yake a Saharanpur da ke arewacin Indiya, inda mafi yawan masassaƙa Musulmi ne, kuma ganye da furanni suka mamaye aikinsu.

To amma ko kafin Musulunci, ba a san Hausawa da gumakan itace ba kamar yadda aka san Yarabawa. Bautarsu ta fi karkata ga duwatsu da rijiyoyi da bishiyoyi. Ko Tsumburbura, da ake yawan kira gunki, Tarihin Kano ya danganta ta ne da wata bishiya da aka kewaye da katanga a kusa da Dala, inda Barbushe kaɗai ke shiga.

Siffofin mutane da aka tono a yankin Katsina na gasasshen yumɓu ne, masu alaƙa da na Nok, kuma masana na ƙiyasta cewa sun kai shekaru 2,000. An wawushe su sosai zuwa Turai, har majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su cikin jerin kayan da ta gargaɗi dillalai kada su saya a shekarar 2000.

Ƙarancin itace

Matsalar da ta haɗa masassaƙan ɓangarorin biyu ita ce itacen kansa.

A jihar Karnataka, 'yan ƙabilar Gudigar sun shahara da sassaƙa gumaka da itacen sandal, wanda turarensa ba baƙo ba ne a kasuwannin ƙasar Hausa. Tun 1792 Sarki Tipu Sultan ya mayar da bishiyar mallakar fada, kuma gwamnatocin da suka biyo baya suka riƙe wannan iko. Sakamakon haka manomi bai ga amfanin dasa ta ba, masu fasa-ƙwauri kuma suka far wa ta daji. Fitaccen cikinsu, Veerappan, sai a watan Oktoban 2004 'yan sanda suka kashe shi. An sassauta dokar a 2001, amma sandal na ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya yi ƙamshi, kuma masassaƙa da dama sun koma wasu itatuwa masu araha.

A Puri ma, kowace shekara ana ƙera sababbin manyan kekuna uku na itace domin zagayawa da gumakan, na Jagannath mai ƙafa 16, kuma aikin na cin ɗaruruwan gungume. Ƙarancinsu ya sa gwamnatin Odisha ta fara dasa dazuzzuka na musamman domin bikin a shekarar 2000.

A Katsina gawayi da itacen girki da faɗaɗa gonaki ne suka cinye ƙirya da maɗaci, sa'annan roba da silba suka kori akushi daga ɗakin amarya. Allo ne ya fi jurewa, saboda har yanzu da shi ake fara karatu.

Bedi ce ta cike wani ɓangare na giɓin. Tana jure fari, tana saurin girma, kuma gara ba ta cika damunta ba. Da ita aka yi shingen tare iska a kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar tun daga 1975, ita ce kuma kan gaba a shirin dashen itatuwa da Tarayyar Turai ta tallafa wa a Katsina daga ƙarshen shekarun 1980. Alhazai ma sun san ta, domin ita ce ke ba su inuwa a filin Arfa. A yau ƙotar fartanya da kujera da sandunan rufi da dama daga jikinta ake fitar da su.

A Puri, bisa lissafin kalandarsu, ana sa ran sake fita neman bishiyoyin huɗu a shekarar 2034.